Zoben Furen da Emilia Ta Gyara

A bayan babbar kasuwar Kafanchan akwai wani layi da mutane ba sa bi sai ya zama dole. Masu akwatin gawa ne a farkonsa, sai Nicholas mai buga hoton mamaci a jikin riga da bokiti da mafici, sai masu ba da hayar rumfa da kujeru. Shagon Emilia ne na ƙarshe, dab da kwata. Ita ke yin zoben furen da ake ɗorawa a kan kabari, wanda kowa a garin ke kira fulawa.

'Yar Kagoro ce. Ubanta manomi ne a gindin dutse, ya rasu tana firamare, sai aka kawo ta Kafanchan aikatau gidan Madam Florence Onyekwere, matar wani direban jirgin ƙasa da ke zaune a kwatas ɗin reluwe. Wanke-wanke da raino aka kawo ta yi, ba koyon sana'a ba. Amma Madam Florence fulawa take yi, tun zamanin da ake yanka ta da takarda mai launi a rufe da leda saboda ruwa, kuma duk ranar da aiki ya yi mata yawa sai ta ƙwala wa Emilia kira ta zo ta riƙe mata waya. Daga riƙe waya ta koma murɗa ta, daga murɗawa ta koma ɗaura fure. Madam ba ta iya yabo ba. In aiki ya yi kyau sai ta ce, "To, ajiye. Kawo wani."

Abu ɗaya ta yi ta nanata mata har ya zauna mata a kai: furen da ya kwana a kan kabari ba ya komawa shago. Dalili kuwa, akwai masu bin bayan jana'iza su kwashe fulawa, su wanke ta da omo, su cire ƙyallen da aka rubuta suna, su sake sayar wa wasu masu makoki. Saboda su ne mutane suka ɗauki wata al'ada. Da zarar fasto ya yi addu'ar ƙarshe an ɗora fulawa, sai wani namiji a dangi ya fito da reza ko wuƙa ya tsattsaga furen, ya taka zoben ya lanƙwashe, yadda ba mai iya sayar da shi. Ke nan aikin da Emilia ta yi wuni tana yi, rayuwarsa daga ƙofar coci ce zuwa bakin rami. Wannan bai taɓa damunta ba. Ko ranar da aka binne mijinta Leonard, tela ne, ciwon ciki ya ɗauke shi ya bar ta da ɗa guda mai suna Asher, tana tsaye yayansa ya sa wuƙa a fulawar da ta yi masa, ba ta kau da kai ba.

Da Madam Florence ta rasu aka tafi da gawarta gabas, 'ya'yanta suka bar wa Emilia shagon da filaya biyu da almakashi. Ta ci gaba a kan yadda ta tarar. Fure ya koma na roba, ana kawo shi daga Onitsha, amma dokar tana nan. Akwai masu fulawa da suka fi ta araha, akwai waɗanda suka fi ta ado. Abin da ke kawo mutane wurinta daga Kagoro da Zonkwa, wani lokaci har daga Kajuru, shi ne sun san nata sabo ne, bai taɓa hawa kabarin kowa ba. Wannan sunan shi ne jarinta, ba ta da wani.

Sai shekarun hare-hare suka zo, aka riƙa binne mutane da yawa a rana ɗaya a ƙauyuka. Layin ya cika da aiki. Nicholas ya sayo sabon inji, ya fara buga manyan alluna masu fuskoki jere kamar na 'yan takara. Masu wucewa kan yi musu ba'a su ce, "Ku dai kakarku ta yanke saƙa," wasu da dariya, wasu ba da dariya ba. Abin da Emilia ta lura da shi kawai shi ne launi. Da can fari na yara ne, ruwan goro na 'yan mata, shunayya ta dattawan coci, ja kuma mace kan zaɓa wa mijinta. Tun da aka fara kashe-kashen ba wanda ya sake tambayar ja. Wata mata ma da ta gan shi a kan tebur sai ta juya baya ta ce a rufe. Emilia ta tattara jan furen ta zuba a buhu ta tura ƙarƙashin tebur.

A farkon wata damina wata budurwa ta shigo shagon, kanta a aske, da kyamara a rataye a wuya. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata. Ta ce sunanta Doreen, 'yar wajen Zonkwa ce, ta yi karatun zane a Zariya.

"Wa ya rasu?" in ji Emilia.

"Ba wanda ya rasu yanzu, Mama. Waɗanda suka riga suka rasu ne suka kawo ni."

Ta yi bayani. Ta zagaya ƙauyukan da aka kai wa hari, ita da fastocin wurin, gida gida, ta roƙi iyalai su ba ta tsofaffin fulawar da ke kan kaburbura, waɗanda aka riga aka tsaga, rana ta ƙoɗe su. Da yawa sun ba ta. So take ta ɗaura su duka a jikin babbar ragar waya su zama bango guda, a kafa a wani tsohon sito kusa da tasha, mutane su zo su gani. Wanda ya san waya take nema ya taya ta ɗaurawa.

Emilia ta ce, "'Yata, ni ba na taɓa fulawar kabari."

"Ba sayarwa za a yi ba, Mama. Tunawa ce."

"Su ma masu sayen riga tunawa suke cewa."

Doreen ta yi dariya, ta ce gaskiya ne, kuma shi ya sa take son yin wani abu da ba a sa wa a jiki a je biki da shi bayan wata biyu. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, har Emilia ta yarda, da sharaɗin a can sito za a yi aikin, kada ko ganye ɗaya ya shigo mata shago.

Amma rufin siton yana yoyo, ruwa kuma ya sauko da ƙarfi a makon. Wata safiya sai ga Keke Napep a ƙofar shago cike da buhuna, Doreen a jiƙe sharkaf tana cewa, "Mama, ki taimaka, kafin a gyara kwanon. Za su ruɓe." Emilia ta dubi sama, ta dubi yarinyar, ta buɗe ɗakin baya.

Da buhunan suka fara wari sai ta zazzage su a ƙasa su sha iska. Nan ta ga yawancinsu aikinta ne. Ta gane su daga yadda take murɗa bakin waya ta tura shi ciki don kada ya soki mai ɗauka. Sun yi laka, sun ƙoɗe, wasu gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ba ta taɓa ganin aikinta bayan ya kwana a kan kabari ba. Ita dai tana miƙawa ne a tafi.

Akwai wani fari da shunayya wanda ta tuna ranar da ta yi shi. Na Ezekiyel ne, wani manomin citta da aka tare a hanyar gona. Matarsa Yemima ce ta zo da kanta, ta kawo ɗan tsinken atamfar ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ta ce a saƙa shi a cikin furen domin mijin ba ya fashin waƙa. Wanda ya tsaga shi ya yi da ƙarfi, zoben ya karye gida biyu.

Ana ruwa, ba mai saye. Emilia ta ɗauko shi don ta kakkaɓe lakar kawai. Tana kakkaɓewa ta ga inda wayar ta karye, filaya kuma tana gefenta, sai ta haɗa. Da zoben ya dawo daidai sai giɓin furen ya fito fili, ta cike da sabo. Ta goge sauran da tsumma mai laima. Ƙyallen sunan ya yi baƙi, ta kwance shi ta jiƙa a roba da omo. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba ko sau ɗaya. Hannu ne da ya saba, ya ga abu a karye. Da ta gama, sai ta yi abin da take yi wa kowane aiki in ta gama: ta fito da shi gaban shago ta rataye a ƙusa, ta ja baya tana duba ko ya karkace.

A nan Yemima ta same ta. Ta kawo citta kasuwa, ruwa ya tare ta, ta ce bari ta fake wurin Maman Asher ta gaishe ta. Ta shigo tana karkaɗe zani, ta fara gaisuwa, sai gaisuwar ta tsaya a rabi. Ta matsa kusa da ƙusar, ta sa yatsa ta taɓa tsinken atamfar.

"Maman Asher. Wannan na wane ne?"

"Na Baba Ezekiyel ne. Zauna in gaya miki."

"Ina sunansa?"

"Yana cikin ruwa, na jiƙa ne ya..."

"Kin cire sunan. Kin wanke. Kin rataye wurin na sayarwa." Ba ta ɗaga murya ba tukuna, lissafawa take ɗaya bayan ɗaya. "Yarinyar nan na ba, don a tuna da shi. Har na ce mata ta ɗauka a hankali. Ashe nan za a kawo."

"Ba sayarwa zan yi ba. Ubangiji shi ne shaida."

"To me ya sa kika gyara?"

Emilia ita ma ba ta san dalili ba. Yemima ta leƙa ɗakin baya ta ga fulawa shimfiɗe har bango. Sai ta ɗora hannu a ka ta fita cikin ruwan, tana kiran sunan Yesu, ta bar buhunta na citta a ƙofa.

Kafin a tashi kasuwa labari ya gama layin. Washegari Nicholas ya leƙo yana murmushi ya ce, "Maman Asher, ashe ke ma kin buɗe gwanjo? Ki rage mana mana." Ya ga fuskarta, ya janye kansa. Amma sunan ya riga ya kama. A bakin famfo, a cikin Keke, har a ƙofar coci, Emilia mai gwanjo ake cewa.

Doreen ma da ta zo ta ga zoben, ba ta ji daɗi ba, sai dai nata dalilin daban ne.

"Haba Mama! Tsagar nan ita ce maganar gaba ɗaya. Mutane sun kai inda sai sun lalata kyautar da suka kai wa mamacinsu da hannunsu. Shi nake so a gani."

"Ni dai na ga ya karye," in ji Emilia.

Da Doreen ta ji abin da ake faɗa a gari sai ta yi niyyar wanke sunan Emilia. Ta je taron zumuntar mata na cocin su Emilia ta tsaya a gaba ta yi bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci, ta ce laifinta ne, ita ta kai buhunan. Matan suka saurara. Shugabarsu, Mama Milka, tsohuwar nas ce mai magana a taƙaice, ta ce, "Mun ji, 'yata. Ke kika kai buhu. Ke kika wanke?" Doreen ta ce a'a. Mama Milka ta ce a tashi a yi waƙa.

Duk da haka Emilia ta cika alkawari. Da aka gyara kwanon ta je sito ta taya ɗaurawa har aka gama. Bangon ya fi tsayin mutum biyu. Fure ne ƙoɗaɗɗe iri-iri, duk a yage, ba a rubuta komai a ƙasa ba. Wanda aka gyara kuwa Doreen ta rasa yadda za ta yi da shi. Ta ƙi sake tsaga shi, ta ƙi barinsa, a ƙarshe ta mayar masa da ƙyallen sunan Ezekiyel, ta ɗaura shi a tsakiyar bangon.

Ranar buɗewa mutane sun zo fiye da yadda aka zata. Matan ƙauyuka suka zo a motoci cikin ankonsu, suka riƙa bin bangon da ido kowace tana neman nata. Wadda ta gani sai ta tsaya, wata ta yi kuka, wata ta nuna wa 'ya'yanta da baki. Baƙi daga Abuja da Kaduna suka riƙa ɗaukar hoto, kuma yawancinsu a gaban lafiyayyen zoben suke tsayawa. Wani mai tabarau ya yi ta gaya wa abokansa cewa wannan na tsakiya alama ce ta bege. Emilia tana zaune a benci kusa da ƙofa tana jin sa. A waje Nicholas ya kafa tebur yana sayar da riguna masu hoton bangon, masu ruwan leda da masu gasa masara suka jeru a gefensa.

Can da rana ta yi tsaka Yemima ta shigo. Ba ta gaida kowa ba. Ta jawo kujera, ta hau, ta kwance wayar da yatsunta, ta sauko da zoben mijinta, ta rungume shi ta fita ta tsakiyar masu ɗaukar hoto. Aka bar giɓi a tsakiyar bangon. Doreen ta hana a cike shi. Me Yemima ta yi da zoben, ba a tabbatar ba. Wasu sun ce ta mai da shi kabari, wasu sun ce yana rataye a ɗakinta.

Bayan an gama nuna bangon an rufe siton, wani mutum mai gidan ajiye kayan zane a Legas ya nemi a sayar masa da bangon gaba ɗaya. Doreen ta ƙi da farko. Sai fastocin ƙauyukan suka ce a tambayi masu abu. Aka tambaya, yawancin iyalan suka yarda, domin akwai ajujuwan makaranta da aka ƙone da ke jiran rufi. Waɗanda ba su yarda ba aka mayar musu da nasu. Aka naɗe ragar aka loda a babbar mota. An yi rufin, kowa ya gani.

Emilia ba ta karɓi ko sisi a ciki ba, amma ba wanda ya tsaya tambayar wannan. A bakin mutane labarin ya gajarce ya zama layi ɗaya: an kwaso fulawar kabari, an wanke a shagon Emilia, an sayar a Legas. Kuma in aka bi shi kalma kalma, ba inda za ta nuna ta ce ƙarya ne.

Ciniki ya tsaya. Masu makoki kan zo layin su sayi akwati, su ba Nicholas hoto, su wuce ƙofarta zuwa wani sabon shago da aka buɗe a bakin titi. Wasu sukan gaishe ta suna wucewa, wasu su dubi ƙasa. Ta ci gaba da buɗewa kowace safiya, ta share, ta zauna da littafin waƙoƙinta. Asher, wanda yanzu yake aikin walda a Kaduna, ya yi waya ya ce ta rufe ta dawo wurinsa. Ta ce ta ji.

Sai bayan girbin citta wani dattijon coci ya rasu. Zumuntar mata ce ke kai fulawa in dattijo ya rasu, kuma tun zamanin Madam Florence a shagon nan suke saye. Da hantsi sai ga Mama Milka ta sauka daga babur, riƙe da babbar leda. Ta shigo ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Maman Asher, mata sun rabu biyu a kanki. Na gaji da surutu. Ga fure na sayo da kaina wurin Inyamuran cikin kasuwa, ga waya. Ba a buɗe ba, duba bakin ledar."

Emilia ta duba. A liƙe yake.

"Ki yi a gabana. In na koma in ce musu da idona na gani."

Emilia ta daɗe tana kallon ledar. Shekarun da ta yi a wannan shago ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta. Mama Milka ta ga haka ta ce, "In ba ki so, in ɗauki kayana. Ba zan ji haushi ba."

"Shunayya kika sayo da yawa," in ji Emilia. "Fari bai isa ba."

"To ki yi da abin da ke nan. Kada ki ƙara da naki."

Ta sa almakashi ta yanke bakin ledar. Mama Milka ta zauna har aka gama, tana ba ta labarin ciwon gwiwarta da surukarta mai son barci, idonta kuwa bai bar hannun Emilia ba. Da aka ɗaura ƙyallen suna ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Hannunki dai yana nan," ta hau babur.

Tun daga ranar haka Emilia take aiki. Ba ta ajiye gamammen zobe a shago, ba ta ajiye fure a buɗe. Mai so ya zo da nasa a liƙe, ko ya saya a wurinta ya yanke ledar da hannunsa, ya zauna a benci ya jira. Aikin ya ragu, domin ba kowane mai makoki ke da lokacin zama ba, kuma ba ta iya haɗa biyu a lokaci guda. Akwai waɗanda kan ce, "Haba Mama, mun yarda da ke, bari mu je mu dawo." Takan ajiye filaya ta ce su zauna, in sun tashi ita ma ta tsaya.

Mutanen gari da na Kagoro sun dawo kaɗan kaɗan. Doreen takan biyo in ta zo gida, ta kawo mata burodi, su yi hira a kan komai ban da bangon. Daga ƙauyen su Yemima kuwa, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, har yau ba wanda ya sake zuwa sayen fulawa a wurinta.